Rijiyar da Ta Rufta da Joseph

Guduma ta sake sauka a kan farantin ƙarfe, injin ya tofo takarda, Sylvanus ya duba ya ga shirme irin na makon jiya. Ya daɗe yana fama da wannan fili na Rido, ƙasa kuwa ta ƙi buɗe baki.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. A jera ƙananan na'urori masu jin girgiza, waɗanda shi yake kira kunnuwa, a doki faranti, girgizar ta nutsa ta bugi dutse ta dawo, injin ya zana. Da haka ake gane inda dutse ya kwanta da inda ya tsage. Kamfanin da yake wa aiki a Kakuri ya sayo injin ne don aikin gadoji da masana'antu. Ba wanda ya taɓa sa shi neman rami mai faɗin tabarma.

Mama Rhoda ce ta jawo masa. Ta tare shi a bakin ofis ta ce mijinta Joseph mai haƙar rijiya ne, rijiya ta rufta da shi shekarar da ake ginin matatar mai, kafin a tono shi katafila ta baje wurin, bishiyoyi da alamu duk suka tafi. Ba ta yi kuka ba. Ƙashinsa kawai take so, a kai shi maƙabarta kamar kowa.

Da wani ne, da ya ba ta haƙuri. Amma Sylvanus ramin kuza ne ya haɗiye mahaifinsa tun yana yaro, har yau ba shi da kabarin da zai nuna wa 'ya'yansa. Sai ya koma satar fita da injin duk ƙarshen mako, alhali ya san ranar da manaja ya ji, aikinsa ya ƙare.

Mataimakinsa ɗaya ne, wani tsoho da kowa ke kira Baba, mai kafaɗu kamar na ɗan dambe da ƙwaƙwalwa kamar kwando. Yau ya rantse nan rijiyar take, gobe ya rantse can ne. Mama Rhoda takan kawo musu abinci, ta dire wa tsohon nasa da faɗa, ya ci abinsa. Matan unguwa, a hanyarsu ta dawowa daga rafi mai nisa, sukan tsaya da tuluna a ka su tambayi yadda ake ciki. Sylvanus ya ce lallai marigayin mutumin mutane ne.

Gajiya ce ta koya masa dabara. Ya lura tankokin mai masu wucewa da turamen daka suna cika kunnuwan da hayaniya, sai ya bar zuwa coci, ya mayar da aikin safiyar Lahadi, lokacin da hanya ke shiru, tabarya kuma ke jingine. Ya matso da kunnuwan kusa da juna. Ya daina yarda da bugu ɗaya, ya sa a yi ta dukan wuri guda yana tara zanen, har hayaniyar ta dushe, muryar dutse ta fito. Sannan ya ja layuka a tsaye da a gicciye. Tafin hannunsa ya yi kanta, matarsa ta daina yi masa magana, shi kansa ya ƙosa da ƙarar ƙarfen nan.

Wata Lahadi zanen ya nuna. Dutse shimfiɗe ko'ina, sai wuri ɗaya da girgizar ke yin jinkiri, ƙasa mai laushi ta miƙe zuwa wata tsaga. Ya kafa turke, ya zauna a ƙasa, ya rasa ma ƙarfin yin murna. Washegari ya biya Trikania ya sa kafinta ya haɗa ƙaramin akwatin gawa.

Mazan unguwa suka yi ta tono. Sylvanus ya tsaya a baki yana tankaɗe kowane guga da hannunsa. Tsohuwar igiya ta fito, da fasasshen tulu. Ƙasa ta fara danshi, ta zama taɓo, can sai ruwa ya ɓullo daga tsagar, garai-garai. Ƙashi ko na yatsa babu.

Zuciyarsa ta karaya. Ya ratsa layin bokitai da bai san lokacin da aka jera su ba, ya durƙusa gaban tsohuwar.

"Mama, ki gafarce ni. Mun kai ƙarshe, ba mu same shi ba."

"Ɗana, kai za ka gafarce ni," in ji ta. "Duk inda muka haƙa a unguwar nan dutse ne, wannan rijiyar kaɗai ta taɓa ba da ruwa. Bara mazanmu sun je ofishinku a kan ruwa, aka ce injin ba shi da sarari."

Ta juya wajen tsohon da ke zaune a kan akwatin yana fifita da hula.

"Joseph, taso ka yi wa yaron nan godiya."