Buhun Gero a Hanyar Ruma

Da sajan ya farke buhun geron a shingen hanyar Ruma, kwalayen ƙwaya suka zubo a kan takalmansa. Mai babur ɗin, wani dattijo mai furfura, bai yi yunƙurin gudu ba.

"Baba, da girmanka?" in ji sajan. Wata uku ke nan yana farautar masu kai wa 'yan daji ƙwaya daga Batsari, ga shi bara ya binne ƙanensa da ita ta haukata.

"Yallaɓai, ni manomi ne. Ɗiyata ce a hannunsu. Sun ce wannan kaɗai suke so, kafin la'asar ta yau. Ka bar ni in kai, wallahi da ƙafata zan dawo ka ɗaure ni."

"Kowa haka yake cewa."

Ya sa masa ankwa. A ofishinsu, a tsare a bayan kanta, dattijon bai sake roƙo ba. Da aka kira la'asar ya nemi ruwan alwala, ya daɗe a sujada.

Ranar Juma'a aka jera kwalayen a kan tebur, aka ɗauki hoto, shugaban ofis ya yaba wa sajan. Yana fitowa ya iske wata tsohuwa a bakin ƙofa.

"Ɗana, kai ka kama maigidana?"

"Ni ne, Inna."

"Ba faɗa ya kawo ni ba. Masu itace sun tsinto gawar yarinyar da safe. Ka ara mana shi awa ɗaya, ya sa ɗiyarsa a kabari."