Ranar da Dattijo Ya Ƙi Girgiza Igiya

Shekara tara ɗan wani mai haƙar rijiya ya yi a kudu yana bin kamfanin gine-gine. Da ya dawo sai ya tarar garin ya sake masa. Kwalta ta ratsa tsohuwar kasuwa, kukar bakin masallaci ta faɗi, burtsatse biyu na kwarara a unguwar gabas, abokan wasansa kuwa kowa ya ajiye iyali da tumbi. Ubansa ma yanar ido ta rufe shi, ba ya bambance yumɓu da yashi sai ya murza a hannu. Abin da ya saura yadda yake shi ne mutum bakwai ɗin da ke bin tsohon ƙauye-ƙauye da dagi da igiya. Tsoho ya damƙa masa su, ya ce ga mutanenka nan.

To, al'adar tsohon ita ce, duk wanda ke can ƙasan rijiya in ya girgiza igiya a jawo shi, ba tambaya. Ko numfashi ne ya yi masa nauyi, ko ƙasa ya ga tana zubowa, ko gabansa ne kawai ya faɗi. In ya fito tsoho ya saurare shi, har da ƙorafin da bai shafi rijiya ba. Saurayi ya ga wannan ɓata lokaci ne. Ba mugu ba ne fa. Tsoro ne ke cinsa, kada sana'ar ubansa ta mutu a hannunsa a ce yawon bariki ya lalata shi, ga burtsatse na ƙwace musu aiki. Sai ya sayo usur irin na kamfani, ya ce daga yau ba mai fitowa sai an busa. Suna haƙa a wani ƙauye, rijiya ta kai gaba goma sha ɗaya, sai babbansu, dattijon da ya sha ɗaukarsa a kafaɗa tun yana tatata, ya girgiza igiya kafin lokaci. Aka jawo shi, ya ce ƙasar nan ba ta kwanta masa a rai ba. Saurayi ya leƙa bai ga komai ba. A gaban matan ƙauyen da suka kawo musu fura ya ce, "Kawu, in tsufa ne ka faɗa, mu shimfiɗa maka tabarma a inuwa." Mata suka kwashe da dariya.

Washegari dattijon ya sake sauka. Da hantsi yashi ya fara zubo masa a kafaɗa kaɗan-kaɗan. Ya dubi igiya tana reto kusa da hannunsa, ya ƙyale ta, ya ci gaba da sara. Can sai gefen rijiya ya zaftare, ƙasa ta binne shi har ƙirji. Saurayin ne da kansa ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, ya dinga tona da hannu har faratansa suka tsage, sauran na jan guga suna salati. Allah Ya yi da sauran kwana, aka fito da shi da rai, ƙafa a karye. A zauren mai ɗori saurayi ya durƙusa gabansa ya ce, "Kawu, me ya hana ka girgiza igiya?" Dattijo ya ce, "Ɗana, gara ƙasa ta rufe ni da a sake yi min dariya gaban mata."

Maganar nan ta fi faratan yi masa zafi. Ya juya ga sauran shidan, ya roƙe su don Allah kowa ya faɗi abin da ke ransa. Sai ɗaya ya ce shi tun shekaranjiya ya ga tsaga a gefen rijiyar, amma wa zai gaya wa? Wani ya ce igiyar ma ta fara cinyewa wajen ƙulli. Daga nan baki ya buɗe. Aka faɗa masa na usur, da na tsawa, da yadda yake cin abincinsa shi kaɗai a gefe kamar baƙo. Wata maganar gaskiya ce, wata haushi ne kawai, har da wanda ya ce gemunsa bai kai ba. Tun azahar har la'asar sakaliya yana zaune kansa a sunkuye, bai kare kansa ko sau ɗaya ba.

Bayan mako biyu aka aiko daga wani ƙauye can bayan dutse ana neman masu haƙa. Saurayi da ma ƙafarsa ba ta son zama. Ya fito ƙofar gida da sassafe yana ɗaure kaya a amalanke, bai aika kiran kowa ba, don bai san ko akwai mai sake yarda ya sauka rami shi yana sama ba. Biyu ba su zo ba. Huɗu suka ɓullo da dagi a kafaɗa, na gabansu tun daga nesa yana mitar cewa ɗaurin kayan nan bai yi ba. Saurayi ya ce gaskiyarka, ya kwance ya sake.

Shi ya sa Hausawa ke cewa babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba.