Layin da Ya Tsallake Gonar Tasalla

Ranar Talata aka gano abin da ya busar da albasar Tasalla Mati shekara biyu a jere. A cikin manhajar da ke raba wa manoma ruwan fadama, an rubuta cewa a riƙa tsallake gonarta.

Tun da doka ta ba kowa damar a buɗe masa duk manhajar da ke yanke hukunci a kansa, masu warware rubutun manhaja suka kafa rumfuna a kasuwa kusa da teloli. Tasalla ta kai wa ɗayansu, Malam Sallau, manhajar ruwan. Awa uku ya yi yana bin ta layi-layi, kamar mai farke ɗinki.

"Hajiya, inji ba ya ƙin mutum sai an koya masa," in ji shi. "Ga layin nan: in an zo kan Uwar Kaji, a wuce. Wace ce kuma Uwar Kaji?"

Tasalla ta gyara mayafinta. Mutum ɗaya ne a duniya ke kiran ta haka, ƙanenta Habu, wanda ƙungiyar manoma ta ba aikin rubuta manhajar. Bara har gona ya zo ya taya ta tuge busasshiyar albasa.

"Za ka iya goge layin?" ta tambayi Malam Sallau.

"Karantawa kawai doka ta ba ni. Gogewa sai wanda ya rubuta."

Ta kira Habu a waya, ba ta ambaci layin ba. Ya ce, "Yaya, ina hanya, a ajiye min tuwo."

Ranar Asabar za a sake buɗe ruwa, kuma layin yana nan.