Jan Balan-balan

Auta ta miƙa masa jan balan-balan. "Baba, hura min."

Matarsa ta yunƙura za ta hana. Tun da aka fara masa ƙarin ruwan maganin ciwon daji, numfashinsa ya koma na aro, saman cikinsa kamar an ɗora dutse.

"Ƙyale ta," ya ce. "Ni mai faci guda, iska ce za ta gagare ni?"

Ya hura, ya huta, ya sake hurawa, gumi na keto masa. Balan-balan ɗin ko girman dunƙulen hannu bai kai ba.

Auta ta tura baki ta fice.

Matar ta ƙulle bakin balan-balan ɗin da numfashin mijinta a ciki, ta ɓoye cikin akwatin kayanta. Kullum da safe sai ta buɗe ta duba. Kullum sai ta tarar ya ƙara motsewa.