Waƙar Lauratu ta Kalgo

"Sake sa mini shi," in ji Lauratu.

Malam Bawa mai sayar da faifai ya juya hannun garmaho, ya ɗora allura. Muryar mijinta Basharu ta sake cika rumfar a kasuwar Gwandu. Shekara uku ke nan da ya tafi Kano da kukumarsa, ko saƙon gaisuwa babu. Da ƙafa ta taho daga Kalgo, don an ce ya yi waƙa da sunanta, kuma bana babu faifan da ya kai nasa kasuwa, har rediyo na sa shi. Masu kawo labarin sun ƙi rera mata, suka ce ta je ta ji da kunnenta.

Ta gane karin waƙar. Nata ne, da shi take niƙa gero. Baitin ƙarshe ne ba nata ba: wai kwalekwale ya kife da Lauratu a gulbi, shi da hannunsa ya binne ta. Matan da ke tsaye suna ta sharar hawaye.

"Allah ya ji ƙanta," in ji Bawa. "Mutuwarta ce ta ɗaga waƙar nan. An ce baƙin ciki ya hana shi komawa gida."

"Malam, ni ce Lauratun. Ga ni da raina."

Bawa ya dube ta, ya dubi masu saye. Ya matso, ya rage murya.

"Baiwar Allah, ki rufa mini asiri ki bar rumfar nan. Akwai sauran faifai da ban sayar ba."