Mashin Tulugak Bai Yi Ƙarya Ba

Tulugak ya caka mashinsa a ƙanƙarar da ta rufe teku, yadda ubansa ya koya masa gwada ta kafin ya taka. Ko gezau ba ta yi ba.

Oba-obar da ke ƙirjinsa ta yi ƙara. 'Yarsa Arnaluk ce daga gaɓa.

"Baba, ka bar farautar nan haka."

"Ku da zancen zafin nan naku na bana. Yanzu na gwada ta, ko mota sai ta ɗauka."

"Ba kaurinta nake faɗa ba, Baba. Waiwaya."

Ya waiwaya. Sawunsa ya miƙe sambal, ya yanke a bakin baƙin ruwa. Can hayi, gidajen ƙauyen sai ƙanƙancewa suke yi. Ƙanƙarar kam da ƙarfinta, tafiya kawai take yi da shi.