Giyar Sama a Kafinsoli

"Cire giyar nan!" Alhaji Ɗanjuma ya daka wa direbansa Babba tsawa. "Motar da ko Di'o bai da irinta za ka mai da mani bebiya?"

Babba ya haɗiye takaici. Sau nawa zai yi bayani? Motar da kanta take canza giya. In hanya ta miƙe aka danna maɓallin nan, sai ta hau giyar sama: inji ya rage juyi, gudu na nan, mai ya yi auki. Amma Alhaji, dillalin gyaɗa, ruri yake so, kowane ƙauye daga Kusada har Kankiya ya san ya wuce.

Suna dosar Kafinsoli sai Alhaji ya taɓa kafaɗarsa. "Sa giyar nan taka."

Babba ya murmusa, yau dai karatu ya shiga. Inji ya yi laƙwas.

Alhaji ya zame ƙasan kujera. "Tsohuwata ta san kukan motar nan. Da ta ji, sai ta fito titi cikin tsumma tana kiran sunana."

Babba ya tofar da yawu ta taga, ya danne hon, bai ɗaga hannunsa daga kai ba.